Bin Salsalar Kakanni a Ƙasar Gude: Tsakanin Bakin Tsofaffi da Takardun Nesa

Gude gari ne a yammacin ƙasar Kano, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo. Yanki ne mai daɗaɗɗen tarihi. Ƙaraye, wadda ke kudu da shi, ta fito a Tarihin Kano tun zamanin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, sa'an nan garuruwa irin su Gammo da Kabo da Godiya suna cikin labarin jihadin Kano na farkon ƙarni na 19. Amma duk da wannan, in aka tambayi talakan yankin ya jero iyayensa, da wuya ya wuce uba da kaka da uban kaka. Daga nan sai ya ce wai daga Barno suka zo, ko daga Katsina, ko kuwa ya ce nan aka same su.

A dā wannan bai dami kowa ba, domin akwai tsofaffi a kowane zaure, in rigimar gona ta taso ko ana binciken aure sai a je gare su. Yanzu tsofaffin da suka ga zamanin En'e da idonsu suna ƙarewa, jikokinsu kuma da suka yi boko sun koma aika wasiƙa da saƙon intanet zuwa ga masu bincike a Kaduna da Zariya, har Landan da Amurka, suna roƙon a duba musu sunan kakansu a takardun Turawa. Wannan maƙala za ta duba irin taimakon da manazarcin nesa ke iya bayarwa a wannan aiki, da inda taimakonsa ya tsaya. Abin da za a nuna shi ne, takardun nesa ba safai suke ɗauke da sunan kakan talaka ba. Abin da suke bayarwa shi ne zamani da mahalli, shi kuwa sunan a gida yake, kuma harshen Hausa da al'adarsa sun lulluɓe shi ta hanyoyin da baƙo ba zai gane ba sai an yi masa jagora.

Misalin Baba mutuniyar Karo

Misali mafi kusa da Gude na haɗa kai tsakanin tsohuwar gida da manazarcin nesa ya faru ne game da wata zuriya ta kudancin wannan yanki. Karo ƙauye ne kusa da Zarewa, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Rogo. A can aka haifi Baba a ƙarshen ƙarni na 19, kafin zuwan Turawa. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana tsohuwa a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, matar M. G. Smith wanda ke nazarin zaman jama'ar Zazzau a lokacin, ta yi ta ba ta labarin rayuwarta har tsawon kimanin mako shida, ita kuwa tana rubutawa da Hausa. Baba ta rasu a 1951. A 1954 aka buga fassarar labarin da Turanci a Landan da sunan Baba of Karo.

Abin lura ga mai bin salsala shi ne yadda aikin ya rabu. Baba ce ta kawo sunaye: kakanta Ibrahim Dara, da asalinsu na Barebari, da 'ya'yansa, da wa ya auri wa, da wa ya riƙi ɗan wa, da rinjin bayin da gidansu ya mallaka, da waɗanda mahara suka kama aka fanso. Babu wata takardar gwamnati da ta adana ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. Su kuwa Smith da matarsa, abin da suka ƙara shi ne auna labarin da sarautun sarakuna da zuwan Turawa don a sami shekaru, da bayanin tsarin dangantaka, da kuma, fiye da kome, ajiye maganar a takarda kafin mai ita ta tafi. Baba ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma babu wata mace talaka ta ƙasar Kano ta wancan zamani da aka san danginta kamar ita. Ba don ta fi sauran tsofaffin Zarewa ko na Gude sani ba ne. An dai zauna an saurare ta ne da alƙalami a hannu.

Suna da alkunya

Cikas na farko da manazarcin nesa ke haɗuwa da shi shi ne, Bahaushe ba shi da sunan zuriya mai bin jini daga kaka zuwa jika kamar yadda Bature ke da shi. Mutum sunansa da na ubansa, in an ƙara sai a haɗa da sana'a ko laƙabi, alal misali Audu Maƙeri ko Musa Dogo. Sunayen garuruwa da ake gani a bayan sunan mutane, kamar Gwarzo da Getso da Kabo da Gude, al'ada ce da ta yaɗu ta hanyar rajistar makarantun boko da aikin gwamnati, irin wadda ta ba da Aminu Kano da Isa Kaita da Shehu Shagari. Saboda haka mutum goma masu amsa sunan Gwarzo suna iya kasancewa ba su haɗa ko da kaka ɗaya ba. Baƙon da ya saba da tsarin Turai, in ya ga sunan a takardu biyu, sai ya ɗauka ya kama zaren dangi, alhali gari kawai ya kama.

Na biyu, sunan da aka san mutum da shi sau da yawa ba shi ne sunansa na yanka ba. Garba Abubakar ne, Shehu Usman ne, Sanda Umaru ne, Mamman kuwa Muhammadu. Waɗannan masu sauƙi ke nan. Akwai na rana, kamar Ɗanladi da Ɗanjuma da Balarabe da Talatu da Asabe, da na yanayin haihuwa, kamar Tanko ga namijin da ya biyo mata, da Kande ga macen da ta biyo maza, da Gambo mai bin tagwaye, da Auta. Mutum yana iya zama Tanko a gida, Ibrahim a takardar alƙali, Maigoro a kasuwa, duk shi kaɗai. Wanda ya aika wa manazarci suna ɗaya daga cikin ukun, ya rufe masa ƙofa biyu.

Na uku kuma shi ne alkunya, kuma nan ne aikin ya fi daɗi ga mai nazarin harshe. Tsohuwar da ta fi kowa sanin marigayin ita ce matarsa, ita ce kuma al'ada ta hana ta kama sunansa. Sai ta ce Malam, ko mai gidan nan, ko shi wancan. Haka ba za ta ambaci sunan surukinta ba, ko na ɗanta na fari. In aka matsa mata da tambaya irin ta ɗan boko, sai ta yi dariya ta kau da kai. Amma ita al'adar da ta ɓoye sunan, ita ce ta ajiye shi a wani wuri. Idan aka mayar wa jariri sunan kakansa, iyayen ba za su iya kiran sunan ba, sai su riƙa ce masa Abba ko Baba ko Baffa, mace kuwa Ummi ko Inna ko Uwani. Ke nan duk gidan da aka ga wani Abba, a tambayi sunansa na yanka, a tambayi wa aka mayar. Ta haka zuriya kan riƙa maimaita sunaye uku ko huɗu tsawon ƙarni guda, su zama kamar rajista a bakin mutane. Haɗarin wannan shi ne, maimaita suna kan sa a haɗe mutum biyu su zama ɗaya, a jingina wa Ibrahim kaka abin da Ibrahim jika ya yi. Masanan tarihin baka, irin su David Henige a littafinsa na 1974, sun daɗe da nuna yadda jerin iyaye ke gajarcewa ko ya ƙara tsawo a bakin masu ba da labari.

Sa'an nan akwai faɗin kalmomin dangantaka. Kalmar kaka ta haɗa namiji da mace, na wajen uwa da na wajen uba, har da 'yan'uwansu. Wan uba da ƙanensa duk baba ne. Ɗan riƙo da agola kan tashi suna amsa sunan mai gidan da ya raine su. Wanda ya fassara wa Bature kaka da kalma ɗaya, ko ɗa da kalma ɗaya, ya riga ya karkatar da binciken tun ba a fara ba. Abin da ke sauƙaƙa al'amarin shi ne wasan jika da kaka. Ɗa yana jin nauyin uwarsa, amma jika na iya ce wa kakarsa matata, ya tsokane ta, ya tambaye ta abin da ubansa ba zai iya buɗe baki ya tambaya ba. Shi ya sa a wannan aiki jika ya fi ɗa, ya kuma fi kowane baƙo komai digirinsa.

Abin da ke cikin takardu

Sa'ad da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ba su tarar da gundumomi masu iyaka ɗaya ba. Hakimai a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse. Daga wajen 1907 zuwa 1908, zamanin Razdan Cargill, aka shiga harhaɗa garuruwa gunduma gunduma, aka tura hakimai su zauna a cikinsu. Gwarzo ta zama mazaunin Sarkin Dawaki Mai Tuta. Daga wannan tsari ne takardun da ake nema suka samo asali: rahoton ƙiyasin haraji da Di'o kan rubuta bayan rangadi, da kundin gunduma mai ɗauke da jerin dagatai da ɗan tarihin kowane gari, da lissafin jangali, da rajistar kotunan alƙalai. Mafi yawansu suna Ma'aikatar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, cikin fayilolin Lardin Kano da na ofishin Sakataren Lardunan Arewa, wasu kuma suna Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa.

To, amma wa aka rubuta sunansa a ciki? Hakimi, da dagaci, da wanda aka tuɓe da dalilin tuɓe shi, wani lokaci da limami ko babban attajiri. Talaka adadi ne: maza kaza, mata kaza, maƙera kaza, marina kaza, shanu kaza. Haka ƙidayar 1931 da ta 1952 da ta 1963, abin da aka buga alƙaluma ne. Awon gonaki na malaman taki ya kan kawo sunan mai gona, amma an fi yin sa a gundumomin da ke kewaye da birni. Rajistar haihuwa da mutuwa kuwa sai a 1979 aka kafa dokar tilasta ta a ƙasa baki ɗaya, har yau ma ba kowane gida na karkara ke yin ta ba. Wurin da talaka ya fi fitowa da sunansa shi ne gaban shari'a. Allan Christelow ya fassara wasu hukunce-hukuncen Majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 daga Larabci, aka buga a 1994, kuma a ciki ana ganin mutanen ƙauye da sunayensu da na garuruwansu suna jayayya kan gona da gado da fansar kai. Ke nan kakan da ya yi rigima ya fi barin sawu bisa ga wanda ya zauna lafiya da kowa.

Ko neman fayil ɗin ma sai da sanin gida. Babu ƙaramar hukumar Kabo a zamanin Turawa, don haka mai neman Gude sai ya bi ta Gwarzo, ya leƙa maƙwabta irin su Ƙaraye. Iyakoki sun yi ta sauyawa: an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, an yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, a 2019 an sa Gwarzo da Kabo ƙarƙashin sabuwar masarautar Ƙaraye, a 2024 kuma aka soke dokar. Tafiretar Turawan farko ba ta da haruffa masu lanƙwasa, kowane Di'o kuma da yadda kunnensa ya jiye masa. Bugu da ƙari, akwai wata ƙabila da harshe mai suna Guɗe a wajen Mubi ta Jihar Adamawa, wanda a rubutun Turawa bai bambanta da Guden Kano ba. Ma'aikacin laburare a Ingila da aka ce ya nemo Gude, abin da zai fara cin karo da shi ke nan, ya aiko da shi da zuciya ɗaya.

Sanya shekaru

Inda manazarcin nesa ya fi amfani shi ne wajen mayar da lissafin tsofaffi zuwa shekarun kalanda. Tsohuwa ba za ta ce 1914 ba. Za ta ce an yaye ubanta shekarar Kakalaba, ko an yi aurenta bayan 'Yar Gusau da damina biyu. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewa, ya tattara irin waɗannan sunaye ya daidaita su da rahotannin lardi: Kakalaba 1913 zuwa 1914, 'Yar Buhu 1927, 'Yar Gusau 1942. Annobar Marisuwa ta 1918 ce. Yaƙin Basasar Kano, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, daga 1893 ne zuwa 1895, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano a 1911. Sarautun sarakuna ma ma'auni ne: Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. In kundin gunduma ya ba da shekarar naɗa wani dagaci, tsohuwa kuma ta ce a zamaninsa kakanta ya sari dajin da ya zama gonarsu, an sami iyaka ke nan ta sama da ta ƙasa. Sai dai a kula, sunan yunwa kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, abin da Bakatsine ya kira da suna ɗaya Bakano na iya kiransa da wani, kuma Gude tana kusa da iyakar biyun.

Asalin da ake so da wanda ake ɓoyewa

Mai neman asali ba ya zuwa hannu sake, yana zuwa da abin da yake fatan ji. Gidaje da yawa sun fi son a ce daga Barno suke, ko Malle, ko su Fulani ne na wani malamin jihadi, ko Sharifai. Wani lokaci gaskiya ne. Amma labarin Alex Haley ya isa gargaɗi. A littafinsa na 1976 ya ce ya gano kakansa a ƙauyen Juffure na Gambiya daga bakin wani mai ba da tarihi, sai Donald Wright ya nuna a 1981 cewa mutumin ya riga ya san abin da baƙon ke nema kafin su haɗu. Maroƙin ƙasar Hausa ma ba zai bar mai kyauta ya tashi da asali maras daɗi ba. Kirarin gida shaida ne mai daraja in an ji shi a wurin biki ana yi wa wani, amma wanda aka yi bayan an ga aljihun mai tambaya, sai a ajiye shi gefe.

Akwai shaidun da suka fi wuyar ƙirƙira. Ɗaya ita ce tsagar gado, wadda wanzamin gida ya fi kowa saninta, da yake wanzanci ma gado ne. Paul Lovejoy, a nazarinsa na 1980 kan fataken goro, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe asalinsu ta hanyar tsaga da auratayya. Wata shaidar ita ce wasan barkwanci. Gidan da Fulani ke tsokana suna karɓar kuɗin shara a wurinsu, akwai alamar Barebarci a jikinsa ko da babu mai jin kalma ɗaya ta harshen Barno, kamar yadda wasa da Yarabawa ke nuna Bagobiri. Ita tsaga tana gab da ɓacewa, iyaye sun daina, dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 kuma ta hana. Hoton fuskar tsohuwa da aka ɗauka yau zai zama takardar da babu irinta a Kaduna.

Abu biyu ne aka fi ɓoyewa a wannan yanki. Na ɗaya Maguzanci. Yammacin Kano da kudancin Katsina matattarar Maguzawa ce tun dā. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan karkarar Kano a 1938 da 1939, ya nuna cewa su ne ke da dangogi masu suna da kan gida, kuma musulunta kan sa wannan tsari ya narke. Ke nan gajartar jerin iyaye a wani gida ba mantuwa ba ce kullum, wani lokaci a daidai wurin da aka musulunta aka yanke lissafin. Na biyu bauta. Turawa sun ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936, kuma kotuna sun ajiye rajistar waɗanda suka fanshi kansu, da suna da ƙabila da kuɗin da aka biya. Haka hirarrakin da Yusufu Yunusa ya ɗauka a kaset a ƙasar Kano a wajen 1975, waɗanda Lovejoy da Hogendorn suka yi amfani da su a littafinsu na 1993, cike suke da sunayen bayin gandu da iyayengijinsu.

Nan ne amana ta shigo. Ga manazarcin da ke Kanada ko Ingila, samun sunan mutum a rajistar fansa nasara ce ta bincike, zai aiko da hotonta yana murna. A ƙauye kuwa wannan takarda tana iya warware baiko, ko ta zama makami a takarar dagaci, ko a jefe ta a fuskar wani wajen rabon gona. Ba a ce a ɓoye gaskiya ba, kuma kakan da ya yi noman murgu ya tara kuɗi ya sayi kansa ba abin kunya ya bari ba. Amma jikan da ya nemi takardar shi kaɗai ya nema, ita kuwa ta shafi gida guda, har da mata da ke gidajen aure. Ya kamata manyan gida su fara gani kafin a ɗora ta a Facebook. Gwajin jini na zamani da kamfanoni ke tallatawa shi ma haka, yana iya nuna yanki mai faɗi ko ya tona wata dangantaka da ba a nema ba, amma ba ya faɗin sunan kowa.

Akwai kuma masu neman da suke tahowa ta ɗaya ɓangaren. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a masu yawa sun yi gabas, zuriyarsu na Sudan har yau, wasu kuma fataucin goro ya zaunar da su a zangon Kumasi da Salaga, ko Sabo ta Ibadan. Jikan irin waɗannan yakan riƙe abu uku ko huɗu kacal: sunan kakansa, da sunan wani gari da bakin Larabawa ko na Asante ya tauna, da sana'a, wataƙila da siffar tsagar da ya gani a kuncin tsohon. In wasiƙarsa ta iso hannun malamin jami'a a Kano, malamin zai duba taswira da kundin gunduma ya ce garin nan da alama a ƙasar Gwarzo yake. Daga nan sai a bar takarda a hau mota zuwa gidan dagaci, dagaci ya aika a kira mai unguwar marina ko ta maƙera, shi kuma ya ce a shiga cikin gida a tambayi wance, ita ce ta taɓa jin ana maganar wani ƙanen kakanta da ya tafi Makka a ƙasa shekarar da aka yi fara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.